Abin da Kawu Ya Goge

Da maza suka dawo daga kai Kawu makwancinsa, falon gidansa da ke Giza bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har kan matakala. Ɗalibai suka fi yawa, na Nijar da na Nijeriya, sai 'yan kasuwa, sai maƙwabta Misirawa waɗanda suka hawo da kujerunsu a hannu. Kowa da abin da ya tuna. Wani ɗalibi Bakatsine ya ce tun da ya zo Alƙahira bai ga wanda ya iya ɗaure kwali kamar marigayi ba. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ce Kawu ya taɓa ƙwace masa katin barka da salla a ƙofar gidan waya saboda ya rubuta kalma shida a ciki.

"Ya ce biyar doka ta yarda. Na ce Malam, ta shidan fa 'amin' ce. Ya ce to in cire sunan matata in bar amin."

Ya yi dariya, ya share ido da bakin hularsa, aka ce Allah Ya gafarta masa.

A ɗakin mata, Hajiya, matar Kawu, wadda Bamisiriya ce haifaffiyar unguwar, ba ta yi dariya ba. Ta ja ni gefe, ta ɗaga bakin kafet ta nuna mini. Ɓurɓushin magogi ne, toka-toka, ya taru a jikin bango kamar dusa.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ga iliminsa nan. In zuba a shara, ko in sa a kwalba in aika wa ƙanensa?"

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Aikin karanta labarai da Hausa a rediyo ya kawo ni Masar, kuma a gidansa na sauka na yi shekaruna na farko. An ce a ambaci mamaci da alheri, zan kuma ambace shi, don alherinsa ba kaɗan ba ne. Amma na rubuta wannan ne don kada a manta da shi yadda yake, kuma yadda yake ɗin ya bar ni da haushin da har yau bai gama sauka ba.

Kakanmu malamin zaure ne a Damagaram, 'ya'yansa maza biyu. Da aka samu gurbin karatu a Masar, guda ɗaya aka samu. Babban ya tafi, ƙaramin ya zauna ya riƙe makaranta. Sharaɗin da Kaka ya kafa shi ne duk abin da babban ya karanto ya dawo ya juye wa ƙanensa. Kawu ya gama karatu, ya yi aure, ya samu aikin gyaran kurakuran bugu a wata maɗaba'a a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, sai zama ya miƙe. Ya je gida 'yan lokuta, bai taɓa komawa da zama ba. Amma bai manta sharaɗin ba. Duk littafin da ya karanta, fiƙihu ne ko nahawu ko tafsiri, da fensir a hannunsa yake karantawa, yana cika gefen shafi da ƙananan rubutu, rabi Larabci rabi Hausa da ajami. Kuma kusan kowane bayani da kalma ɗaya yake farawa: Ƙanena. Ƙanena, duba nan. Ƙanena, malaminmu bai yarda da wannan ba, ga dalilinsa. Fiye da shekara arba'in yana yi. Ba ɓoyayyen abu ba ne, dangi duka sun sani, ƙanen nasa kuwa, wanda muke kira Ƙaramin Kawu, ya tsufa yana jira.

Abu na biyu da Kawu ya haddace bayan karatunsa shi ne dokokin gidan waya. Ya zo a zamanin da ba ka da hanyar jin muryar uwarka sai ta takarda, kuɗin ɗalibi kuma bai taka kara ya karya ba, don haka sanin farashi ya zama masa ilimin rayuwa. Ya san wasiƙa daban take da bugaggun takardu, bugaggu daban da ƙaramin ƙunshi, ƙaramin ƙunshi daban da fasal, wato babban ƙunshi, kowanne da kuɗinsa da iyakar nauyinsa. Ya san abin da ya tafi ta jirgin ruwa ya fi araha amma sai ya yi wata da watanni, abin da ya tafi ta sama kuwa kowane gram da kuɗinsa. Ya san shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama, wadda ake ninkewa ta zama ambulan ɗin kanta, ba a sa komai a cikinta, ko hoto ɗaya. Littafi kuma ba a liƙe shi ruf, sai an bar yadda ma'aikaci zai buɗe ya duba. Abin da ya fi riƙewa duka shi ne wannan: bugaggun takardu ana yi musu rangwame ne don bugaggu ne. An yarda ka ja layi a ƙarƙashin kalma, ka gyara kuskuren bugu, ka rubuta 'yar gajeriyar sadaukarwa a shafin farko. Da ka yi wa wani magana da hannunka a ciki, ya zama wasiƙa.

A lokacinsa wannan sani ya ceci mutane. Ɗalibin da ya gama karatu, littattafansa sun fi shi nauyi, wurin Kawu yake zuwa. Kawu zai tuɓe babbar riga, ya zauna a ƙasa da basilla da kirtani da farin yadi, ya jera littattafai manya a ƙasa, ya ɗinke, ya ɗiga jan kaki a kan kowane ƙulli, ya rubuta adireshi da Faransanci ko Turanci da manyan baƙaƙe. Ba ya karɓar ko sisi. In ka matsa, shayi kawai, shi ma sai an gama aiki, don kada ya zube a kan yadi. Mahaifiyata ta sha gaya mini cewa duk wasiƙar da ya aiko mata, da 'yar takardar nan a ciki wadda ake saya a wata ƙasa a canza ta da kan sarki a wata, don kada rashin kuɗi ya hana ta amsa. Bai taɓa ambaton wannan ba. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Ai tsari ne, don haka aka yi ta."

Matsalar ita ce duniya ta tashi ta bar shi a zaune da basillarsa. Yanzu duk mai saƙo filin jirgi yake nufa. Ka ji wane zai tafi Yamai ko Kano, ka kai masa leda. Kilishi da kuka da daddawa haka suke zuwa mana, magani da turare haka suke tafiya. Kawu bai taɓa ba da saƙon hannu ba, bai taɓa karɓa ya kai ba.

"Saƙon hannu ba shi da rasit," in ji shi. "In ya ɓata, zumunci ya ɓata tare da shi. Gidan waya in ya ɓatar, da hukuma kake rigima, ba da ɗan'uwanka ba."

Kilishin dai yana ci idan an kawo. Na taɓa tuna masa ta hannu ya zo.

"Ni ban aika a kawo ba. Miƙo yajin nan, 'yar rediyo."

Haka yake kirana, musamman idan na yi gardama.

Bara likita ya gaya masa zuciyarsa ta gaji. Kawu bai tsorata ba, sai ya shiga sauri. Ya ce lokaci ya yi da littattafai za su tafi Damagaram, kuma yana so ya ga tafiyarsu da idonsa, rasit a hannunsa. Muka ce madalla. Ɗalibai suka ce kowa zai ɗauki biyu ko uku idan hutu ya zo. Ya ce a'a. Wani ɗan kasuwa ya ce yana da wuri a kayansa. Ya ce a'a. Gidan waya, bugaggun takardu, yadda ya aika na kowa haka zai aika nasa.

Wata Jumma'a da hantsi na shiga na same shi a ƙasa, littafi buɗe a cinyarsa, yana goga yana hurawa. Na ɗauka ƙura yake kaɗewa. Da na matsa sai na ga gefen shafin fari fat, na kusa da shi kuma baƙi ƙirin da rubutu.

"Kawu, me kake yi?"

"Shiri."

"Gogewa kake yi!"

"Ashe idonki lafiya."

"Saboda me?"

"Ɗiyata, me aka rubuta a nan?" Ya ɗora yatsa a kan layin da bai kai gare shi ba.

"Ƙanena."

"To. Magana ce daga wani zuwa wani. Wasiƙa ke nan. In je in sa hannu in ce bugaggu ne, alhali na san da wasiƙa a ciki? A wannan shekarun nawa, da wannan zuciyar?"

Na ce to a aika a matsayin wasiƙa. Ya ce wasiƙa tana da iyakar nauyi, juzu'i biyu sun wuce ta. Na ce a yi fasal. Ya ce fasal ba a sa wasiƙa a cikinsa. Duk ƙofar da na taɓa, ya riga ya kulle ta tun kafin a haife ni. Aikina ya koya mini in yi magana a hankali ko da gari na ƙonewa, amma ranar sai da maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Na fito da waya zan ɗauki hoton shafukan. Ya rufe littafin a kan yatsansa.

"Wa ya ba ki izini?"

"Kawu, hoto ne kawai."

"Ba ke aka rubuta wa ba. Wasiƙar wani ce, ba a karanta wa mutum wasiƙarsa, balle a yaɗa ta a waya."

"Amma ana goge ta?"

"Mai ita yana da iko."

Hajiya tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. "Halas, ya isa, ƙyale shi," in ji ta. "Na ɓoye magogi uku, ya sayo akwati guda. Ya Hajj, wallahi ko bangon gidan nan ya fi ka jin magana."

"Bango ba ya sa hannu a takarda," in ji shi, ya ci gaba da goga.

Na yi tunanin idan ya ji daga bakin ma'aikata zai yarda. Da ƙyar na lallaɓa shi muka hau tasi zuwa wani gidan waya a unguwar Dokki, da littafi ɗaya da bai taɓa ba. Wata budurwa ce a kan kanta, mai fara'a, ta miƙe ta sa aka kawo masa kujera. Kawu ya buɗe littafin, ya yi mata bayani da Larabcinsa na malamai, dalla-dalla, har da karanta mata layi ɗaya. Ta saurara har ƙarshe.

"Ya Hajj, ma'alish, kada ka damu, ban ga matsala ba. Littafinka ne, ka rubuta a ciki. Sa a kwali, mu auna, ka biya, ya tafi."

"A wane aji?"

"Littattafai."

"Da rubutun hannu a ciki."

"To rubuta haka a takardar kwastan. Tamam?"

Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya tambayi lafiyar iyayenta. Muna fita, tun ba mu kai bakin titi ba, ya ce, "Yarinyar kirki. Ba ta san aikinta ba."

"Kawu, ita ce a kan kanta. Dokar da kake riƙe da ita ta zamaninku ce."

"Kin ga takardar da ta soke ta?"

"Ban gani ba."

"Ke da ba kya karanta labari sai kin ji daga majiya biyu. Doka ba ta mutuwa don ma'aikaci bai ji labarinta ba."

Na nemo masa bayanin da ke shafinsu na intanet, na buga a takarda na kai masa. Ya duba gaba da baya ya ce babu hatimi.

Dabarata ta ƙarshe ita ce Ƙaramin Kawu. Na kira shi, na sa wayar a tsakiyar falo yadda kowa zai ji. Bayan doguwar gaisuwa, na gaya masa abin da ake ciki. 

"Yaya," in ji shi, "littattafan nan ina da rabinsu. Sauran ma in na aika Kano gobe za a kawo mini. Ba takarda nake jira ba."

"Na sani."

"Tun ina da baƙin gemu kake ce mini ka rubuta mini a gefe."

"Duk suna kaina. Littattafai su tafi tukuna, sannan in zauna in rubuto maka su ɗaya bayan ɗaya a wasiƙa, yadda ya dace."

"Yaya, shekarunka nawa?"

"Ban kai a yi mini gori ba."

"Ka ba yaran nan su kawo mini da hannu, don girman Allah."

"Ina ruwan sama a wajenku? An yi shuka?"

Da Kawu ya tambayi ruwan sama, magana ta ƙare. Duk wanda ya san shi ya san haka.

Na daɗe ina neman abin da ke ƙarƙashin wannan taurin kai. Ba rowa ba ce, don mun ce za mu biya ko nawa ne. Ba ruɗewar tsufa ba ce, don har makonsa na ƙarshe yana gyara mini Hausa idan ya ji ni a rediyo. Ina ganin abu biyu ne suka haɗu. Ya yi imani da gaske cewa sa hannu shaida ce, kuma ba ya so ya tafi da shaidar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba. Sannan bai taɓa ɗaukar rubutunsa a bakin komai ba. Ya taɓa ce mini, "Wanda ke tsakiyar shafi shi ne malami. Ni na gefe ne." Na fahimci duka biyun. Fahimtar ba ta rage mini komai ba, domin ba shi kaɗai ke da haƙƙi a kan rubutun nan ba. Akwai wanda ya zauna a zaure ya ƙare ƙuruciyarsa don shi ya tafi.

Haka ya ci gaba, kullum bayan karin kumallo har azahar. Ya fara da nahawu, ya shiga fiƙihu. Wanda ya gama sai ya ajiye a dama, wanda bai taɓa ba a hagu, na dama na tsawo na hagu na raguwa. Hajiya ta fara sace juzu'i ɗai-ɗai tana kai wa maƙwabciya ajiya a cikin kwandon wanki. Ya gane, don ya san jerin littattafansa kamar haƙoransa, suka yi kwanaki ba ya shan shayinta. Ita ma ba ta dawo da su ba. Wasiƙun da ya yi alkawari kuwa, ya sayi takarda, ya fiƙe fensir, bai rubuta ko ɗaya ba, don a tsarinsa ba a kai gare su ba tukuna.

Ya rasu da rana, a zaune, bayan ya yi salla. Tarin hagu bai kai rabin na dama ba.

Bayan an share makoki, ni da Hajiya muka karɓo na wurin maƙwabciya, muka haɗa da na dama da na hagu, muka zuba a kwalaye. Ba mu iya ɗinki ba, salatif muka naɗa, abin da Kawu yake kira aikin malalata. Muka kai Dokki. Budurwar nan ce dai. Ta tambayi Hajj, muka gaya mata, ta yi salati ta yi mana ta'aziyya. A takardar kwastan na rubuta littattafai, da rubutun hannu a cikin wasu. Ta auna, muka biya, ta ba mu rasit. Kafin shayin da ke gefenta ya huce an gama. Hajiya ta dubi rasit ɗin, ta dube ni, ta ce, "Wannan ke nan? Don wannan?" Ta zauna a kujerar da aka taɓa kawo masa, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Kwalayen sun isa Yamai, wani ɗan'uwanmu ya sa su a motar Damagaram. Ƙaramin Kawu ya kira ya ce sun zo, ya yi godiya, bai ƙara komai ba. Ban matsa ba. Me zan ce wa mutumin da ya buɗe littafi bayan littafi ya tarar da gefe fari?

Sai makon jiya ya sake kira, muryarsa a sama.

"Ɗiyata, wannan yayan nawa rubutu yake yi ko huɗa?"

"Me ya faru, Kawu?"

"Danna fensir yake kamar mai riƙe da garma. Na fito da littafi bakin zaure da hantsi, na karkata shi wajen rana, sai ga sawun rubutun kwance a jikin takarda. Baƙin ya tafi, ramin na nan."

Ya ce ba duka ba. Inda Kawu ya dirje da ƙarfi takardar ta yi laushi, babu abin da ya rage. Littattafan da takardarsu ke da santsi su ma sun tafi. Amma masu kauri, tsofaffin bugu, suna karantuwa idan an yi haƙuri. Yanzu kullum da safe, kafin rana ta miƙe, yana zaune da fensir yana bin sawun yana mayar da baƙi. Idonsa ba ya kai shi nisa, yakan yi shafi ɗaya ya huta. Ya ce bai san ko zai gama ba, na ce Allah Ya ba da iko, ya ce amin, amma ba don wannan ya kira ba.

"Saurari wanda na tono yau. A babin tsarki ne, inda mai littafi ya jero sharuɗɗa." Na ji ƙarar takarda. Ya karanta a hankali, yana tsayawa inda sawun ya dushe. "Ƙanena, a nan malam ya tsananta. Kada ka ɗora wa mutanenka wannan. Abin bai kai haka ba."



"Kina ji?"

"Ina ji, Kawu."

"Shi ya rubuta wannan. Shi! Sannan ya sa magogi ya goge."

Ya yi tsaki mai tsawo, irin wanda ban taɓa jin ya yi wa yayansa ba yana raye. Sai kuma ya ce rana na hawa, bari ya koma kafin haske ya miƙe ya daina ganin sawun.

Allah Ya jiƙan Kawu. Ya karɓe shi yadda ya zo, da na tsakiya da na gefe, Ya yi masa sassaucin da ya rubuta wa mutane ya hana kansa.